Shekarar da Baba Ya Ƙi Sauke Amawali

Bana azumi ya sake komowa cikin sanyi, ni kuma mura ta yi mini sallama tun farkonsa. Shatu, ƴata da nake zaune a wurinta, ta dawo daga farmasi da wasu ƴan kwalabe na roba, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ta ce ruwan gishiri ne, ɗigawa ake yi a hanci. Na juya abin a hannuna, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ruwan gishiri fa, an ɗura a roba, an manna masa rubutun Faransanci!

"Mama, mi ya ba ki dariya?"

"Ba komi. Kakanki na tuna."

Ta ce in kwanta ta ɗiga mini, na kwanta. Ina rufe ido sai ga ni a tsohon gidanmu na cikin gari, can bayan babban masallaci, inda in ka ɗaga kai daga tsakar gida hasumiya za ka fara gani. Rabon da azumi ya faɗo a irin wannan sanyi an haura shekara talatin. Wancan karon ma hanci ne ya hana ni sukuni, sai dai ba nawa ba, na Baba.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Hanyoyi sun rufe saboda tashin hankalin da ake yi a daji, mota ba ta shiga ba ta fita sai an tara su da yawa soji sun rako su. Nasaru masu zuwa yawon buɗe ido, waɗanda da su muke ci, suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ni aikin fata nake yi, ina ɗinka ƴan jakunkuna da alabe, suka taru a kwando har ƙamshin jima ya fice daga jikinsu ba wanda ya taya. Mijina bai daɗe da rasuwa ba. Shatu tana ƙarama, gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Ingal. Yayana Ali, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, hanya ta tsare shi a Tawa. Gidan ya rage daga ni sai Baba sai akuya ɗaya da ta daina ba da nono.

Mutanen kudu suna tsammanin Agadas rana kaɗai ta sani. Ba su taɓa ɗanɗana sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Abzin ba. Da safe ruwan randa sai ya yanki haƙori. Man shanu ya daskare, sai da wuƙa. Diddigena suka tsattsage har ina barin jini a takalmi, yatsuna kuwa ba sa iya riƙe basilla sai rana ta hau bango. Akuyar nan kullum tana cusa kai ƙofar madafa tana neman ɗumin da babu.

A azumin zafi ƙishirwa ce ke wahalar da mutum, amma na sanyi yunwa ce, irin wadda ke zama a ƙashi. Gawayi ya yi wuya, don masu kawo shi a jaki sun daina shiga daji da nisa. Sai mu gida uku na lungunmu muka haɗa wuta guda. A gidan Tamo ake hura ta. Tamo maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, ƴar Tagidda, ta yi ƙuruciyarta cikin ramukan gishiri har tafin hannunta ya koma kamar fatar da ba a jeme ba. Bakinta ma gishirin ne, ba ta iya faɗin magana da sauƙi.

Da hantsi mukan ja layi a pampo, in an yi sa'a ruwa ya zo. Bayan azahar kowa ta kawo ɗan geronta gidan Tamo, a zuba a turmi ɗaya, a yi ta luguden yunwa, ana daka ana hutawa don ido na ganin duhu. A tankaɗe, a dama kunu tsararo da tsamiya. Sukari babu, sai a daka busasshen dabino a barbaɗa. Alkamar da ake kawowa daga lambunan Iferwan ba ta iso ba, miya kuwa kauɗar tumatir ce da ruwa da addu'a. Ganyen shayi ɗaya mukan yi ta tafasawa har ya koma fari, mu sha muna yabonsa don kada ya ji kunya. In rana ta sunkuya, kowa ta ɗauki kwanon kununta a hannu ɗaya, kaskon garwashi a ɗaya, ta nufi gida da sauri kafin ɗayansu ya huce.

Baba ɗan ayari ne tun yana saurayi. Ya kai gishiri kudu, ya kawo gero arewa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Mutum ne mai rawani, kuma ba ya wasa da amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. A cikin ƴaƴansa yakan sassauta shi har haɓa. In babban mutum ya shigo sai ya ja shi kan hanci. In kuwa surukarsa ce, uwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna Lalla, to sai ya ja shi har ƙarƙashin ido ya soke, ba ci, ba sha, ba tari mai ƙarfi har ta tafi. Haka aka tarbiyyantar da su, kuma shi ya fi kowa riƙewa.

Gigin tsufa ya fara kama shi kafin wannan shekara. Yakan tambaye ni ko an yi wa raƙuma dabaibayi, alhali rabon gidanmu da raƙumi tun ina budurwa. Wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta daɗe a kabari. Duk da haka yana yarda in ba shi abinci a baki, in goge masa fuska, in yanke masa farce. Abu biyu ne kansa bai saki ba, naɗin rawani da salla. Tunda sanyi ya shigo kuma sai ya koma taimama da wani ɗan dutse mai sulɓi da yake ajiyewa gefen tabarmarsa, kamar yadda ya saba a sahara.

Murar ta fara masa da atishawa da ruwan hanci. Bayan ƴan kwanaki majinar ta yi kauri, ta toshe ƙofofin biyu. A nan na gane ya manta yadda ake fyacewa. Wa zai yi tunanin ana manta wannan? Na ba shi tsumma na ce, "Baba, ku hyace." Ya karɓa, ya ninke shi da kyau, ya sa a aljihu, ya ce an gode. Na kama masa hanci kamar yadda ake yi wa yaro, na ce ya hura, sai ya buɗe baki ya hura mini iska a hannu. Na yi dariya ranar, don ban san abin da ke tafe ba. Ina jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ina gasa masa karan hanci, ina murza tazargade ina shafa masa, yana numfashi ta baki, muna lallaɓawa.

Sai wata safiya sanyin ya kai maƙura. Zanen da nake yafawa ya zama kamar ban yafa komai ba. Na buɗe adaka na tono baƙin mayafin Inna Lalla, mai kauri, mai ƙyalli, har lokacin yana ƙamshin shuni. Na lulluɓa, na ɗauki ruwan ɗumi na shiga ɗakin Baba.

Ya dube ni. Mutumin da sai na tallafe shi yake tashi, sai ga shi ya miƙe zaune da kansa. Ya sa hannu biyu ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya soke shi tam, ya karkata fuska wajen bango.

"Sannunku da zuwa, Inna. An zo lahiya?"

Sai na gane Inna Lalla yake gani. Dama tun ina yarinya ake cewa na ɗebo kamar kakata, tsawon da goshin da tafiyar. Ga shi kuma na kai shekarun da take da su lokacin da ya je neman auren ƴarta. Na fizge mayafin na jefar.

"Baba, ni ce fa! Rakiya ce!"

"Tana wajen wasa, Inna," ya ce da ladabi. "Yanzu za ta shigo."

Na ɗauka zuwa azahar zai wuce, kamar yadda raƙuman suke zuwa su wuce. Bai wuce ba. Na mayar da mayafin adaka, na sa tsohon zanena, na cire kallabi, na zauna gabansa ina kirga masa ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya. Duk a banza. Da ya ji takuna sai hannunsa ya tafi ga amawali.

Hancin a toshe, bakin da yake numfashi da shi kuma yana ƙarƙashin ninkin ƙyalle. Ina tsaye daga ƙofa ina kallon ƙyallen yana lotsawa ciki yana dawowa, ya jiƙe ya manne masa a baki. Numfashin yana fita da gurnani, ya tsaya, in riƙe nawa, sai ya fizgo wani. Ba zai ci a gabana ba. In na ajiye kwano na fita, sai ya manta da akwai kwano. In na leƙo na tuna masa, sai ya ce azumi yake, ko da kuwa an daɗe da shan ruwa. Malamin unguwa ya aiko cewa azumi ya sauka daga kan irinsa, amma wa zai gaya wa Baba ya ji? Ɗan abin da ke shiga cikinsa sai wanda ya kurɓa bisa kuskure in ba kowa. Idanunsa suka faɗa, fatar hannunsa in na ja sai ta tsaya ba ta koma ba.

Tsoro ya hana ni zama wuri ɗaya. Ina layin pampo ina jin gurnanin nan a kunnena, sai in bar tulun in ruga gida in kasa kunne a bakin ƙofa. In na ji yana yi, hankalina ya tashi. In na ji shiru, ya fi tashi.

Ni da Tamo muka ce bari mu yi masa sirace. Muka tafasa tazargade a tukunya, muka kai gabansa, muka yafa masa bargo ta baya. Wayyo! Duhun bargon yana rufe shi ya ƙwalla ihu, "Ɓarayi! Ali, raƙuma!" Ya yi shuri, tukunyar ta kife a ƙafata. Tabon yana nan har yau a idon sawuna. Na zauna a ƙasa ina riƙe da ƙafa, shi kuma yana maƙure a kusurwa yana haki, hannu biyu a kan amawali, yana ba surukarsa haƙuri a kan hayaniyar da aka yi a gabanta.

Washegari na je gidan likita na roƙi majo, ma'aikacin jinya, wani saurayi mai haƙuri, ya biyo ni a kan babur ɗinsa. Ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata, sannan ya kai hannu zai sassauta ƙyallen. Baba ya cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Ɗan wane ne wannan marar kunya?"

Majo ya janye. Ya zagaya ta baya ya saurari ƙirjin ta kan riga, ya fito tsakar gida yana murza hannu.

"Madam, ƙirjin bai kamu ba tukuna. Amma in abin nan ya sauka ƙasa, ga shekaru, ga ba ya sha, ba na ɓoye miki, zai yi wuya. Ki tahasa ruwa, ki sa gishiri kaɗan, in ya huce ki ɗiga mishi a hanci. Kuma ya sha ruwa. Ko ta yaya, ya sha."

"Ta ina zan ɗiga?" na ce. "Ta kan rawani?"

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dube ni, ya ce Allah ya kawo sauƙi. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya faɗa.

Ranar a wurin daka na kasa ɗaga taɓarya. Na zauna a kan turmin da aka kife na fashe da kuka, ina cewa ni na wanke shi, ni na ciyar da shi, yau ya rasa wadda zai mayar da ni sai matar da ta mutu tun ina amarya. Tamo ba ta daina daka ba.

"Ke dai kina da ƙarhin hali," ta ce. "Mutum shina neman numfashi, ke kina neman a kira sunanki."

"Haba Tamo! Mi kike so in yi?"

"Ni na sani? Lalla dai na san ta. In ta zo gidanku, kin taɓa ganin ta tsaya mishi a ka tana zare ido kamar yadda kike yi?"

Maganar ta yi mini zafi, har na ƙudura ba zan sake taka gidanta ba. Amma kafin in kai ƙofa abin ya dawo mini. Inna Lalla ba ta taɓa shiga ɗakin Baba ba. A bakin ƙofa take zama, ta ba shi baya, ta fuskanci tsakar gida. Ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta ce, "A gaya wa mai gidan nan kaza," kamar akwai wani a tsakaninsu, alhali ba kowa. Shi kuma ya amsa wa bango. Kuma ban taɓa jin ta ce a yi abu ya ce a'a ba, ko da ransa ba ya so.

Tamo ta kira ni. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan gutsuren gishirin Tagidda, ja-ja, ta danƙa mini.

"Ki narka, ki bari jar ƙasar ta kwanta, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Ki ɗanɗana. Kada ya wuce ɗanɗanon hawaye. Ai kin san shi, tunda shi kike sha tun ɗazu."

Na karɓa ban ce mata na gode ba. Sauran damuwar ita ce, ko ya sauke amawalin a bayana, wa zai ɗiga masa? Ina wannan tunani na tsuguna yin alwalar la'asar. Na kurkure baki, na shaƙi ruwa, na fyace. Sai na tsaya da hannu a hanci. Ban ce wa kaina in fyace ba, hannun ne ya yi abinsa. Baba ya fi shekara saba'in yana wannan kafin sanyi ya mayar da shi ga dutse. Kansa ya manta, amma wa ya sani ko hannunsa bai manta ba?

Na tafasa ruwa a garwashin Tamo, na yi yadda ta ce, na bar shi ya huce har ya zama ɗumin jiki, na ɗura a buta. Ban tambayi malam ko alwala da ruwan gishiri ta halatta ba, na ce Allah ya san abin da nake nema. Na dafa wata tazargaden, na shiga a hankali lokacin da Baba yake gyangyaɗi, na ajiye tukunyar can bayan adaka inda ƙafarsa ba za ta kai ba, don tururin ya cika ɗakin da kansa. Na sunkuya na ɗauke dutsen taimamar na soke a zanena. Na saki tabarmar ƙofa, na fita na jira.

Da rana ta yi ja a kan hasumiya, na ciro baƙin mayafin na lulluɓa har goshi. Na yi sallama da irin muryar kakata, a ƙasa-ƙasa, ana jan ƙarshenta. Na tura butar da kwanon zubar ruwa kusa da tabarmarsa ba tare da na dube shi ba. Sannan na koma bakin ƙofa na zauna na ba shi baya.

"A gaya wa mai gidan nan rana ta kusa faɗuwa. Ga ruwa nan an ɗuma mishi."

Gurnanin ya ci gaba. Na ji tafin hannunsa yana lalube a kan tabarma.

"Dutsena..."

"A ce mishi yau ba taimama. Ruwa ya samu."

Lalubawar ta tsaya. Can ya ce, "To, Inna."

Ban taɓa sanin juya wa mutum baya yana da wuya haka ba. Tunani ya yi ta zuwa mini kala-kala. In ya shaƙa ya sarƙe fa? In ya tuntsura da fuska cikin kwanon? In ya zuba ruwan a tabarma ya zauna yana kallo? Wuyana har ciwo yake don son waiwaye. Amma na san ina juyawa ƙyallen zai koma sama, kuma ba lalle ya sake yarda ba. Na kafa ido a kan akuyarmu da ke tsakar gida tana tuƙa, na ce ko me zan ji ba zan motsa ba.

Sai na ji motsin ƙyalle, a hankali, ninki bayan ninki. Na ji butar ta yi ƙara a ƙasa. Na ji bisimilla cikin toshewar murya. Ruwa ya zuba a kwano, yana wanke hannu. Ya kurkure baki ya tofar. Daga nan sai shiru, shirun da ya yi tsawo har na ce shi ke nan, a nan hanyar ta yanke masa.

Sai ya shaƙa.

Tari ya turnuƙe shi, mai ƙarfi, irin wanda ke girgiza ƙashin haƙarƙari. Na damƙi bangon ƙofa har ƙasa ta shiga farcena. Rabin jikina ya riga ya tashi. Na ce a raina, ya Allah, in na kashe shi da hannuna fa? Tarin ya yi, ya yi, ya lafa. Na ji yana mayar da numfashi ta baki. Sannan na ji abin da nake jira: ya fyace. Wani sauti mai kauri, mai nauyi, ya faɗa cikin kwanon. Duk rayuwata ban taɓa jin ƙazanta mai daɗin ji kamar wannan ba.

Ya sake shaƙa, ya sake fyacewa, wannan karon ba tari. Ya yi na uku kamar yadda ya saba. Ya wanke fuska, ya ci gaba da alwalarsa har ƙafa, bai tsallake komai ba. Da ya gama sai na ji wani siririn fito yana shiga yana fita, kamar buta in ta kusa tafasa. Iska ce ke bi ta hancinsa. Ya ja ta da tsawo ya sauke.

"Alhamdu lillahi," ya ce, da muryarsa ta da.

Ladan ya ɗaga murya daga masallaci. Kwanon kunu yana gefena, na rufe shi da gefen mayafi don kada ya huce. Na tura shi ta bayana da hannu ɗaya, iyakar inda hannun ya kai.

"A ce mishi an sha ruwa."

Na ji ya jawo kwanon. Na ji maƙogwaronsa yana haɗiya, yana tsayawa ya numfasa ta hanci, ya koma. Ni ko dabino ban sa a baki ba, na manta ina azumi. Hawaye ne kawai ke zuba, ina haɗiye kukan don surukai ba sa kuka a ƙofar suruki.

Haka muka ƙarasa azumin. Kowace salla in dafa ruwa, in yafa mayafi, in ba shi baya. Majinar ta tsinke ta koma ruwa, ba ta sauka ƙirji ba. Hanya ta buɗe bayan salla, Ali ya iso da buhun gero, ya tarar da ni wuya da kafaɗu duk sun yi shuɗi da shunin mayafi, ya ce ko aljanu ne suka shige ni. Baba ya ƙara ganin damina ɗaya kafin Allah ya karɓi abinsa. Har ya tafi bai sake duban fuskata ya kira ni da sunana ba, ni ma ban sake ganin tasa ba sai ranar da aka kwance rawanin.

Yanzu ga gas a madafa, ga motocin masu haƙar zinariya suna wucewa ta ƙofar gida har bango na rawa, ga ruwan gishiri a roba. Shatu ta gama ɗiga mini, ta miƙo tsumma ta ce in fyace. Na fyace da sauri, har ta ce mi ye na gaggawa. Ban gaya mata ba cewa duk lokacin da aka miƙo mini tsumma sai gabana ya faɗi, ina duba ko hannuna zai ninke shi ya sa a aljihu. Shekaranjiya na kira ta da sunan mahaifiyata. Ita ta yi dariya, ni ban yi ba.

Amma abin da ya fi dawo mini ina kwance ɗin nan shi ne abin da Baba ya ce a wancan yammacin, bayan ya ajiye kwanon. Na ji ya mayar da amawalinsa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai jin nauyin roƙo.

"Inna, a yi mini haƙuri, ina da magana."

"Ana ji."

"Yarinyar nan, Rakiya. Ba ta jure sanyi, da an yi iska sai mura ta kama ta, kuma ba ta faɗi. Ni ga shi ba na iya tashi. Don Allah a duba mini ita, a lulluɓe ta da kyau."

Na amsa ina fuskantar tsakar gida.

"A ce mishi an lulluɓe ta."

Na ja mayafin na ƙara rufe kafaɗuna, don kada in yi masa ƙarya.